Cire-ciren Garaji: Ƙarfi Ake Ƙara wa Inji Ko Kwanansa Ake Ragewa?

Duk wanda ya taɓa zama a inuwar garaji a Magarya yana jiran a sallame shi, ya ji wannan gardama. Mota ce ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome bayan ta ci rabin rayuwarta a titunan Turai, yau ga ta a ƙasar rairayi. Tun kafin ta ɗauki lodinta na farko za a ɗaga bonet a yi mata abin da ake kira saita ta da ƙasarmu: a zare tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa da zarar an murɗa makulli, a fasa tukunyar da ke jikin salansa a zazzage abin da ke ciki, a ɗura baƙin mai mai kauri kamar zuma. Mai mota ya tayar, ya taka totur, ya ji rugugi ya ƙaru, ya ce yanzu ne ta buɗe. Can gefe kuma ba a rasa wani tsohon direba da zai girgiza kai ya ce wanda ya ƙera ta ba mahaukaci ba ne, duk ƙarfen da ya sa a ciki da aikinsa.

Na daɗe ina sauraren ɓangarorin biyu, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, don a nan mota jarin gida ce. Wata 'yan'uwa uku ne suka sayar da shanu suka haɗa kuɗinta. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke ciyar da direba da karen mota da iyalansu. In aka kashe mata inji da sunan gyara, gidaje da yawa ne tukunyarsu za ta yi sanyi.

Sai mun fara warware kalmar ƙarfi, don abubuwa daban-daban muke cusawa cikinta. Yaro mai babur in ya ce ƙarfi, gudu yake nufi. Direban da ke sauka daga kwalta ya nufi ƙauyukan Dogo-Dogo ko Malawa ko Guci da buhunan riɗi da wake ba ruwansa da gudu; burinsa motar ta ja cikin rairayi a giya ta biyu ba ta tafasa ba. Mai motar da ke gida yana jiran kuɗin rana, shan mai yake lissafawa, da kuma shekarun da za ta yi kafin a sauke inji. Gudu, ja, ƙarancin shan mai da ƙarko ba kasafai suke tafiya tare ba. Abin da ka ƙara wa ɗaya, yawanci daga wani ka yago shi.

Yanayin wurinmu ma ya sa hannu cikin gardamar. Kwalta ta taso daga Damagaram ta bi ta Bande ta iso Magarya, tafiyar kimanin kilomita 90, ta zarce Tinkim a bakin iyaka. Dungas kuwa, wadda aka yanke daga Magarya ta zama gunduma a 2011, fuskarta Maigatari take kallo, musamman ranar Alhamis. Kayan gyara da yawa daga Kano suke shigowa, daga irin su kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma tare da kayan ne dabarun ke ƙetaro iyaka. Shi ya sa a garaji ɗaya za ka ji wani ya ce buji, wani ya ce fulogi, abu ɗaya suke nufi. Ilimin gyaran ma haka yake, gado ne daga baki zuwa baki, daga maigida zuwa yaronsa. Akwai zinariya a cikin wannan gado, akwai kuma abin da zamaninsa ya wuce ba a sani ba.

Inji kansa ba shi da wani sirri. Iska yake zuƙa, ya gauraya ta da fetur, ya matse, ya ƙyasta wuta, fashewar ta tura fistin ƙasa. Don fetur ya ƙone ƙurmus, kowane kilo ɗaya yana buƙatar iska kilo 14.7. In aka mayar da shi lissafin da ido zai gani, litar fetur ɗaya tana cin iska kusan lita 10,000, wato cikin duro wajen 50. Ƙarfin inji yana rataye ne a kan yawan iskar da zai iya haɗiya a kowane juyi. In ka ƙara mai ba ka ƙara iska ba, hayaƙi ka ƙara. In ka rage mai iska ta rinjaya, zafi ka ƙara, bawul ya ƙone. Sannan a duk ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke isa taya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sau da yawa ma bai kai ba. Saura zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Duk wani sauyi da za a yi wa injin fetur, ana iya auna shi da tambaya guda: ya ƙara iskar da ke shiga, ko ya rage wannan asara? In bai yi ko ɗaya ba, to ba daga nan ƙarfi zai fito ba.

A ɗauki tamostat, wanda shi ne aka fi zalunta. Ɗan ƙarfe ne da bai kai tafin hannu ba, yana zaune a bakin hanyar ruwa tsakanin inji da lagireto. In inji da sanyi sai ya rufe hanya, ruwa ya yi ta zagaya cikin inji har ya ɗauki zafi. Idan zafin ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, gwargwadon irin motar, sai ya buɗe ruwa ya wuce lagireto ya huce. Hujjar masu cire shi ita ce don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi, mu da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 me za mu yi da shi? Magana ce mai daɗin ji, amma akwai abin da ta manta. Digiri 45 da ke narkar da mutum, ga inji sanyi ne. An auna faɗin fistin da ringi da silinda ne bisa yadda za su kumbura a kusan digiri 90. Ƙasa da haka akwai rata, fetur ba ya ƙonewa da kyau, yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, yana zurarewa ƙasa yana tsinka shi. A motar da ke da ƙwaƙwalwa kuwa, wadda makanikan Kano ke kira birenbos, na'urar auna zafi za ta yi ta shaida mata cewa inji bai ɗumama ba, ita kuma ta yi ta ƙara mai. Da asubar hunturu, cikin Disamba da Janairu, irin wannan mota tana iya zuwa Bande daga Magarya allurar zafinta ba ta ɗaga ba. Direba yana murna motarsa ba ta zafi, alhali tana shan mai tana cin kanta.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A injuna masu yawa tamostat ƙofa biyu yake tsaro. Lokacin da ya buɗe hanyar lagireto, gindinsa yana toshe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji kai tsaye. In ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai ga lagireto ba. Sakamakon shi ne mota ta yi sanyi fiye da kima da safe, ta kuma fi saurin tafasa da rana in ta shiga rairayi da lodi.

Na ga wannan da idona wata Alhamis cikin bazara, a motar haya daga Dungas za mu Maigatari. Sau biyu tana tafasa muna sauka. A tsayawa ta biyu na ce wa direban, "Maigida, ko tamostat ne ya maƙale?" Ya ce, "Haba Malam, ai tun ranar da aka sayo ta muka jefar da shi." Wani dattijo cikin fasinja, wanda daga baya na ji ya yi shekaru yana jan babbar mota, ya durƙusa gaban lagireto ya leƙa, ya ce, "Ɗana, zo ka ga ciwonta." Ramukan lagireton sun toshe da laka da ƙarangiya da fukafukan fara, da ƙyar haske ke ratsawa. Murfinsa kuma robar ta mutu, an naɗe bakin da leda. Direban ya ce, "Baba, murfi kuma me ya haɗa shi da tafasa?" Dattijon ya ce ya haɗa shi da komai. Gaskiyarsa kuwa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiya yana matse shi har ya kai wajen 120 bai tafasa ba. Murfin da kuɗinsa bai kai na cin abincin rana ba shi ne ya tsayar da mutum goma sha a rana.

Ruwa ba ya tsami banza. Motar da ke tafasa tana da dalili: lagireton da ruwan rijiya ya cika cikinsa da tsatsa da gishiri, ko famfon ruwa da fukafukansa suka cinye, ko fanbel sako-sako, ko gasket da ya fara ƙonewa. Cire tamostat yana ɓoye waɗannan na ɗan lokaci, ciwon yana ci gaba a ƙarƙashi. Duk da haka ba zan ƙi ba makanike haƙƙinsa ba. Tamostat yana mutuwa, kuma in ya mutu a rufe yana iya ƙona inji cikin 'yan mintoci. Wanda hakan ta same shi a daji tsakanin Dungas da Malawa, abin da ya dace ya yi ke nan, ya cire ya isa gida. Jabun kaya kuma sun cika kasuwa, har wani ya gwammace babu da mugun akwai. Kuskuren shi ne mayar da dabarar ceton rai ta zama ƙa'ida. Gwada shi ba wuya: a jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, in ya buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe da ya huce, lafiyarsa ƙalau.

Labarin tukunyar salansa ya fi wannan ban sha'awa, don cire ta yana da tarihi mai hujja. Abin da ke cikinta, wanda a garejin Najeriya ake wa laƙabi da indomi saboda kamanninsa, wani tubali ne mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Aikinsa shi ne ƙarasa ƙone gubar da ke cikin hayaƙi. Amurka ta fara sa shi a motoci a 1975, Turai ta wajabta shi a farkon shekarun 1990. To amma babban maƙiyinsa dalma ce, kuma a wancan lokaci fetur ɗin da ake sayarwa a ƙasashenmu da dalma a ciki. Motar da ta zo daga Turai ta sha irin wannan mai, ba a daɗe tubalin ya mutu. Makaniken da ya fasa shi a lokacin bai yi asarar komai ba. Sai dai a taron Dakar na 2001 ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun amince su daina sa dalma a fetur, kuma zuwa farkon 2006 an daina. Dalilin ya tafi, al'adar ta zauna.

Yau tubali mai lafiya abin da yake rage wa inji na ƙarfi kaɗan ne ƙwarai, direba ba zai ji shi a ƙafa ba. Wanda ya toshe kam yana shaƙe mota, ta kasa hawa ko ɗan tudu, kuma in an fasa shi za ta numfasa. Amma wannan ƙarfinta ne na asali ya dawo, ba sabo aka samu ba, kuma abin da ya toshe shi yana nan: inji mai shan baƙin mai, ko fulogin da ba ya ƙyasta wuta daidai, ko gurɓataccen fetur. Ya kamata mai mota ya san wani abu kuma. Garin tubalin nan yana da kasuwa, ana saye ana fitar da shi waje. A 2021 farashin rodiyam ya ninka na zinariya fiye da sau goma. Ba na cewa duk wanda ya ba ka shawarar cirewa yana da wata manufa, amma ka tambayi inda garin zai tafi. Sau da yawa kuma wajen fasawa ake lalata na'urar da ke sunsuna hayaƙi a gaban tukunyar, wadda da ita ƙwaƙwalwar mota ke daidaita mai da iska. In ta mutu, sai shan mai ya tashi. Abin da ya fi damuna shi ne gubar kanta. Ita ce iskar nan marar wari da launi da ke kashe mutanen da suka kwana da garwashi ko janareta a ɗaki rufe. Motar haya mai hujajjen ƙasa, cike da mata da yara, gilashi a rufe saboda ƙura, ba wurin da za a ƙara wa wannan iska yawa ba ne.

'Yan kabu-kabu da samarin da ke rakiyar amarya su kuma salansar babur suke yankewa ko su huda. Injin babur mai sisi 100 zuwa 125 ƙarfinsa yana tsakanin doki 8 zuwa 11 ne. Tsawon bututun salansa da faɗinsa an auna su ne yadda kowane bugun hayaƙi da ya fita zai taimaka wajen jawo na bayansa. In an yanke, wannan tsari ya rushe, kafireto kuma an saita shi ne da tsohuwar salansa, sai gaurayen ya karkata. Yawanci abin da ake rasawa shi ne ja a ƙaramin totur, wato daidai abin da mai goyon mutum biyu da buhu yake buƙata cikin rairayi. Me ya sa yaron yake rantsuwa babur ɗinsa ya ƙara gudu? Don kunne yana ruɗar jiki. Ƙara tana sa mutum ya ji kamar yana tashi sama, kuma mai son jin ƙarar yana murɗa totur fiye da da.

Matacin iska kuwa, wanda wasu ke cirewa ko su huda wai inji ya sha iska, nan ne ɓarnar ta fi muni. A tuna da duro 50 ɗin nan na kowace lita. A lokacin hunturu iskar tana ɗauke da ƙurar da ta taso daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, ga kuma rairayin hanyoyinmu da motar gaba ke watso maka. Ƙurar nan in ta haɗu da baƙin mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin ringi da silinda a kowane juyi. Injin da zai yi shekaru sai ya fara hayaƙi cikin watanni. Gaskiya ne matacin da ya toshe yana rage ƙarfi. Wani gwaji da cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka ta yi a 2009 ya nuna toshewarsa tana rage wa motar zamani kuzarin tashi da kashi 6 zuwa 11 cikin 100, a motar kafireto kuma har shan mai take ƙarawa. Maganin shi ne sabon mataci, da yawan duba shi, ba jefar da shi ba.

Baƙin mai mai kauri yana da wurinsa a tsohon injin da ya riga ya saki, yana rage hayaƙi da ƙara. A injin zamani mai ƙananan hanyoyin mai kuwa, yana jinkirin isa sama da safe, kuma juya shi ma aiki ne da inji ke biya da fetur. Lambar man da ya dace tana rubuce a littafin motar, wani lokaci a kan murfin mai. Maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon fetur da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki ba sa buƙatar dogon bayani. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori fiye da 100, ba ta sami wadda ta rage shan mai ragin a zo a gani ba.

Akwai sauye-sauyen da ke ƙara ƙarfi da gaske, kuma rashin adalci ne a ɓoye su. A injin gazuwal na tsohon yayi, in aka ɗan buɗe sukurun famfon mai, mota tana ƙara ja, direba zai ji a ƙafarsa. Amma tazarar da ke akwai 'yar kaɗan ce. Da zarar baƙin hayaƙi ya fara turnuƙewa, an wuce iyakar iskar da ke ciki, abin da ke fita gazuwal ne da aka saya da kuɗi bai ƙone ba, zafin cikin silinda kuma yana hawa inda allurar gaban direba ba ta nunawa. Hanyar da ke ƙara iska ta haƙiƙa ita ce tabo, mai tura iska da ƙarfi cikin inji. Misalin Toyota ya isa darasi. A 1990 ta fitar da injuna biyu na Land Cruiser masu girma ɗaya, lita 4.2. Na farko, 1HZ, ba shi da tabo, ƙarfinsa wajen doki 130. Na biyu, 1HD-T, mai tabo, wajen doki 165. Don samun wannan ƙarin doki 35 ba tabo kawai kamfanin ya liƙa ba. Ya sauya fistin, ya sauya kan silinda, ya sauya yadda ake fesa mai gaba ɗaya. Wanda ya ɗaura wa 1HZ tabo a garaji ya buɗe mai son ransa zai sami ƙarfi, amma fistin ɗin da ba a yi shi don wannan wuta ba shi zai biya. Haka sauya inji da wanda ya fi girma: ƙarfi yana ƙaruwa, sai dai kuloci da giya da lagireto da birki duk na tsohon ne. Birkin nan shi ya kamata ya hana mutum barci, don mota mai mutum goma sha tara ba a ƙara mata gudu a bar mata tsayawarta ta da.

Ko an samu ƙarin, me yake saya? Iskar da mota ke kutsawa tana ƙara nauyi da sauri fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Don ninka gudu sau biyu ana buƙatar ƙarfi kusan sau takwas. Ƙarin ƙarfi na kashi 10 cikin 100, wanda ba ƙaramin aiki ba ne samunsa, ba ya ba da fiye da kashi 3 na ƙarin gudu. Motar da ke yin 100 ta koma 103. Daga Magarya zuwa Damagaram ko minti biyu ba ta rage ba, shingen jandarma ɗaya ya cinye shi.

Akwai wani rukuni da nake girmamawa, ko da yake ba ƙarfi yake ƙarawa ba. Wanda ya cire injakta ya sa wa motarsa kafireto ya rage mata ƙarfi, ya ƙara mata shan mai, wannan ba shakka. Amma ya sayi wani abu: in ta tsaya a ƙauye, yaron garaji da sukundireba zai tayar da ita, kuma ta fi haƙuri da fetur mai datti. Ciniki ne, kuma ga motar da ba ta barin hanyoyin daji yana iya zama ciniki mai riba, muddin mai ita ya san abin da ya bayar. Haka manoman rani na fadamun Korama da ke mayar da injin ban ruwa ya yi aiki da tukunyar gas ta girki. Ƙarfin injin yana ɗan raguwa, don gas ɗin yana cin wurin da iska za ta shiga, amma kuɗin aiki yana sauka, baƙin mai kuma yana daɗewa da tsabta. Haɗarin yana wajen tiyo da makunni. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zurare ba ya tashi, kwanciya yake a ƙasa da cikin rami yana jiran tartsatsi. Wanda zai yi wannan sauyi kada ya yi tsimi a tiyo.

Masu cewa motar Turai ba don ƙasarmu aka yi ta ba suna da gaskiya, kuma kamfanonin ma sun yarda da su. Peugeot ta fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma 504 da ta fito daga can ta yi suna a hanyoyinmu don an shirya ta da sanin irin hanyoyin da za ta bi. A shekarar ce ma 504 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka. A duba abin da kamfanoni ke yi wa motar da za su kai ƙasar zafi da ƙura: lagireto mai girma, matacin iska mai hawa biyu, bututun shan iska da ke hawa sama kusa da rufi kamar na Land Cruiser, sifirin mai ƙarfi, garkuwar ƙarfe ƙarƙashin inji. Duk ƙari ne. Tamostat kuma yana wurinsa. Mu kuwa saitinmu kusan duka cirewa ne, don cirewa ba ta cin kuɗi a ranar. Mai son saita motarsa da ƙasar Dungas da gaske, ga hanyar da masu ƙera ta suka bi. In rairayi ne matsalarsa, rage iskar taya kafin shiga, da mayar da ita in an hau kwalta, ya fi duk wani taɓa inji amfani. Sauke buhu biyar daga lodin da ya wuce kima ma haka.

Shekaru da dama ba mu ji zafin wannan asara ba, saboda fetur ɗin da ake kira ruwa-ruwa. A lokacin, fetur mai tallafi daga Najeriya yana kwararowa cikin jarkoki, ana sayar da shi a kwalabe bakin hanya da araha, ko bayan da matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 da ganga 20,000 a rana. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, lissafin iyaka ya juye. Gwamnatin Nijar ta rage litar fetur zuwa sefa 499 a Yulin 2024, amma zamanin man banza ya wuce. Mu ƙaddara cire-ciren nan sun ƙara wa mota lita ɗaya kacal a kowane kilomita 100. Mai zuwa Damagaram ya dawo kullum, kilomita 180, yana zubar da wajen sefa 900 a rana a wancan farashi. A kwana 300 na aiki, jaka 270 ke nan. Kuɗin ya isa a wanke lagireto, a sayi tamostat da murfi da mataci na ƙwarai, a yi canji.

Hukuncina shi ne, a cikin sauye-sauyen da aka saba yi a garejinmu, waɗanda ake yi ta hanyar cirewa ba sa ƙara wa inji mai lafiya ƙarfi. Inda aka ji sauƙi, wani ciwo ne aka kewaye ba a warkar ba. Ban faɗi haka don raina makanikanmu ba. Mutanen da ke raya motar da Turai ta yafe shekaru ashirin da suka wuce, da sifana da guduma a ƙarƙashin dalbejiya, sun wuce raini. Abin da suka rasa kayan aunawa ne. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da motar fetur ta Turai daga 2001, tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari. Akwai 'yar na'ura da ake sokawa a ciki ta haɗu da wayar hannu, ta nuna zafin ruwa na gaskiya da na'urar da ta mutu. Ina roƙon shugabannin makanikai na Magarya da Dungas su haɗa kuɗi su samu ko guda ɗaya a kowane layin garaji, su koya wa yaransu karanta ta.

Kai kuma ɗan'uwa mai mota, kafin ka yarda a cire maka wani abu, cika tanki har baki a gidan mai, ka rubuta lambar kilomita, ka yi aikinka na mako guda, ka sake cikawa ka rubuta litar da ta shiga. In an yi sauyin, ka maimaita a hanya ɗaya da lodi iri ɗaya. Ka kuma karɓi ƙarfen da aka cire ka ajiye a gida, don in takardarka ta nuna mai ya ƙaru, a mayar maka da shi wurinsa.